Aikin Kwastoman Sirri Ya Ishe Ni: In Bari Ko In Daure?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, shekarata 29, da ɗa ɗaya. Na gama HND, na yi bautar ƙasa, aiki bai samu ba. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina yi wa wani kamfanin bincike da ke Legas aikin kwastoman sirri. Sai su turo mini reshen banki ko ofishin kamfanin waya ko wani babban kanti, in je kamar kowa, in nemi buɗe asusu ko in sayi wani abu, ina lura da yadda aka karɓe ni, minti nawa na yi a layi, an gaishe ni ko ba a gaishe ni ba. In na dawo gida in cike fom mai tambaya kusan 80 a waya kafin awa 24 ta cika.

Kowace ziyara naira 6,000 ce. Kuɗin adaidaita sahu da data duk daga aljihuna. In akwai abin saye, wani lokaci har na 3,000, ni zan fara biya, wai za a mayar mini. An ce biya bayan kwana 30, amma yanzu wata uku ke nan ina bin su naira 87,000. In na yi wa mai kula da mu magana a WhatsApp sai ya ce banki bai biya su ba tukuna. Kuma kusan cikin rahoto biyar sai an ƙi ɗaya: ko rasit bai fito da kyau ba, ko na shiga ƙarfe 2:10 alhali an ce kafin ƙarfe 2. In an ƙi, babu lada, babu kuɗin abin da na saya. Da na yi ƙorafi sai aka ce ai ni ba ma'aikaciya ba ce, 'yar kwangila ce.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne wata yarinya a wani banki. Na rubuta cewa ba ta gaishe ni ba, kuma tana danna waya lokacin da nake gabanta. Gaskiya na rubuta. Bayan wata biyu na koma reshen ban gan ta ba. Tun ranar nake ganin kamar ni na raba ta da abincinta. Maigidana ya ce in bari kawai, wahalar ta fi kuɗin, kuma shi aikin ma yana yi masa kama da leƙen asirin mutane. Ni kuma shi ne kaɗai abin da nake samu da gumina, kuma ina tsoron in na bari kuɗina sun tafi ke nan. Anti, ya zan yi?

Wata ƙanwarki daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fara zuwa raina shi ne yadda kika haɗa kaya uku kika ɗora wa kanki a lokaci ɗaya: bashin da kike bi, aikin da ba ki tabbatar yana biyan wahalarsa ba, da nauyin wata baiwar Allah da kike ji a wuyanki. Dole barci ya gagara. Bari mu sauke su ɗaya bayan ɗaya, domin ba nauyinsu ɗaya ba, kuma akwai wanda ba naki ba ne tun farko.

Zan fara da kalmar da aka jefe ki da ita, wato 'yar kwangila. An faɗa miki ita ne don a rufe miki baki, amma ni ina so ki ɗauke ta ki riƙe da hannu biyu. A dokar Najeriya akwai bambanci tsakanin wanda aka ɗauka aiki da wanda aka yi yarjejeniya da shi ya yi wani aiki a biya shi ladansa. A 2008 Kotun Ƙoli, a shari'ar Shena Security da Afropak, ta zayyana abubuwan da ake dubawa: albashi ake biya ko ladan kowane aiki, wa ke kawo kayan aiki, wa ke yanka lokacin aiki, a ina ake yin aikin. Idan aka auna naki da wannan mudu, ana biyanki ziyara-ziyara, wayarki da datarki kike amfani da su, kina iya karɓar aiki ko ki ƙi, to mai yiwuwa gaskiya suka faɗa. Ma'anarsa babu hutun haihuwa, babu kashi 10 cikin 100 da dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya zuba wa ma'aikacinsa. Wannan rashi ne na gaske, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai kalmar tana da ɗaya gefen da ba su faɗa miki ba. 'Yar kwangila 'yar kasuwa ce. Tana da ikon ta ce wannan farashin bai yi mini ba, ta ce Wudil ta yi nisa sai an ƙara kuɗin mota, ta yi wa wasu kamfanoni aiki in yarjejeniyarta ba ta hana ba, ta dakatar da kai kaya ga wanda bai biya na baya ba. Abin da nake gani a wasiƙarki shi ne kina yi musu biyayyar ma'aikaciya, su kuma suna ba ki haƙƙin 'yar kwangila. Kin ɗauki mafi nauyi daga kowane ɓangare.

To tunda 'yar kasuwa ce ke, mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Ki ɗauki ziyara biyar. Ladansu 30,000, an ƙi ɗaya, saura 24,000. Ba ki faɗi kuɗin mota ba, amma mu ce zuwa da dawowa 2,000, data 500, sau biyar ya kama 12,500. Kuɗin abin da kika saya a ziyarar da aka ƙi, 3,000, shi ma ya tafi. Abin da ya rage a hannunki 8,500. Yanzu ki ƙirga lokaci: karanta umarni, hanya, zaman layi, dawowa, cike tambaya 80, amsa gyare-gyaren da za a dawo miki da su. Da wuya ziyara ɗaya ta ci ƙasa da awa biyar. Awa 25 ke nan a kan 8,500, wato naira 340 a awa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, in aka raba shi a kwana 22 na awa takwas-takwas ya kusa naira 400 a awa. Kin ga ke nan mai HND tana aiki ƙasa da mafi ƙarancin albashi, kuma sai bayan wata uku take ganin kuɗin. Ki tuna kuma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura har ta taɓa wuce naira 1,000, kuɗin adaidaita ya bi ta. Idan ladan ziyara bai motsa ba, to a zahiri an rage miki shi ne ba a faɗa miki ba. Alkaluman nan nawa ƙiyasi ne daga abin da kika rubuto. Ki sayi ƙaramin littafi, ki rubuta na gaskiya na wata guda, kowace naira da kowace awa. Har ruwan leda da kika saya a hanya ki sa shi.

Na daɗe a kan lissafin nan ne domin maigidanki ya ce wahalar ta fi kuɗin, kuma a yadda kike yin aikin yanzu, yana da gaskiya. Amma ki duba abin da zai faru in kin canza salon. A Kano rassan bankuna a jere suke a titin Murtala Muhammad da Bompai da Zoo Road. Idan a fita ɗaya kika yi ziyara uku a unguwa ɗaya, ladan 18,000 ne, kuɗin mota sau ɗaya, data 1,500, ya rage 14,500 a yini guda. Aikin nan ba ya ciyar da wanda ke tsallaka gari don ziyara ɗaya. Yana ɗan taimakon wanda ya haɗa su a hanya ɗaya, ko ya ɗora su a kan fitar da dama zai yi. Saboda haka daga yau duk aikin da aka turo, ki tambayi kanki ko yana da maƙwabci. In ba shi da, ki nemi ƙari ko ki bar shi. Ga wani abu kuma game da yadda sana'ar take: kamfani ya yi wa banki alƙawarin kammala dukkan rassa kafin wata rana, kuma rassan da ke nesa, irin su Bichi ko Rano, su ne ke ragewa har kusa da wa'adi. A lokacin mai rabon aiki ya fi buƙatarki fiye da yadda kike buƙatarsa. Nan ne ake neman ƙari, cikin ladabi, a rubuce, kafin a tashi daga gida.

Yanzu bashinki. Bari in yi wa kamfanin adalci tukuna. Yawanci sarƙar haka take: banki ya ba kamfanin bincike kwangila, wani lokaci shi ma ya yanko wa wani ƙaramin kamfani, sannan a samu mai rabon aiki a jiha, sannan ke a ƙarshe. Kuɗi na saukowa daga sama a hankali, kuma manyan kamfanoni sun saba jinkirta biyan ƙanana. Yana iya yiwuwa mutumin da kike yi wa magana a WhatsApp shi ma ɗan kwangila ne, shi ma yana bin nasa. Don haka kada ki huce a kansa. Amma uzurin da ya kawo ba ya ɗaure ki, sai fa idan yarjejeniyar da kika amince da ita ta ce ba za a biya ki ba sai an biya su. Da su kika yi ciniki, ba da banki ba. Kin kai kaya, an karɓa, lokacin da aka yanka ya wuce. A hadisin da Ibn Majah ya ruwaito an ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma a Bukhari da Muslim an kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci. Neman haƙƙinki ba rashin kunya ba ne, ba kuma rashin haƙuri ba.

Akwai kuma abin da ya kamata ki tabbatar: kamfanin ne bai biya ba, ko an biya kuɗin ya tsaya a hanya? Sau da yawa rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Ba zargin kowa nake ba, amma ba za ki sani ba muddin ƙofarki ɗaya ce. Ki nemo imel ɗin sashen kuɗi na kamfanin, ko na shugaban aikin, daga shafinsu ko daga takardar da suka fara turo miki. Ki zauna ki tsara takarda ɗaya: ranar kowace ziyara, reshen, lambar aikin, ladan, kuɗin da kika kashe, da ranar da aka karɓi rahoton. Ki haɗa hotunan saƙonnin da aka ce an karɓa. Ki yi haka yau, kafin komai, domin wanda ya rufe miki manhajar da kike cike fom a cikinta ya rufe miki shaidarki gaba ɗaya. Sannan ki rubuta gajeriyar wasiƙa, ba zagi, ba roƙo: ga aikin da na yi, ga jimilla naira 87,000, ga ranar da ya kamata a biya, ina neman a biya cikin kwana 14 a wannan asusun, kuma ba zan karɓi sabon aiki ba sai an biya. Ki sa mai kula da ku a cikin waɗanda za su ga saƙon, don kada ya zama kin zagaye shi. In akwai wasu a Kano ko Kaduna da ke bin nasu, ku rubuta tare. Kamfanin da mutum shida suka dakatar masa da aiki a tsakiyar wata yana jin magana fiye da yadda yake jin mutum ɗaya.

Idan kwana 14 suka wuce shiru, akwai kotun ƙananan basussuka, wadda Legas ta fara a 2018, Kano ta buɗe tata a 2019. An kafa ta ne don irin wannan bashi, mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya, kuma matakin farko dama shi ne takardar neman biya. Tunda kamfanin yana Legas, ki je wurin magatakardan kotun ko ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a a Kano ki tambaya a ina ya dace a shigar da ƙarar. Ki kuma duba cikakken sunan kamfanin a shafin Hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, domin ƙara tana buƙatar sunan da aka yi rajista da shi da adireshi. Gaskiyar magana, ba na so ki kai nan, don zirga-zirgar kotu ma kuɗi ce. Amma takardar da aka rubuta da tsari, wadda ke nuna mai ita ta san akwai mataki na gaba, ita ce sau da yawa take sa a tuna da mutum. Batun tsoron cewa in kin bari kuɗinki sun tafi, ki cire shi. Bashi ba ya faɗuwa don kin daina aiki. Abin da ke faruwa ma akasin haka ne: duk ziyarar da kika ƙara, kin ƙara musu rance ne daga kuɗin cefanenki.

Rahotannin da ake ƙi kuwa, a nan zan ɗan tsaya a bayansu kaɗan. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Idan banki ya ce a auna reshe tsakanin ƙarfe 12 da 2, don yana son ya ga yadda ake yi lokacin cunkoso ne, kuma zai iya duba kyamararsa ya ga lokacin da kika shiga. Ziyarar ƙarfe 2:10 ba za ta saye a wurinsa ba, don haka kamfanin ma ba zai iya sayar da ita ba. In kin ga lokaci zai ƙure miki a hanya, ki kira a ɗage, kada ki shiga. Rasit kuma, irin farar takardar nan mai santsi da injin POS da na kanti ke fitarwa, zafi ne ke rubuta ta, zafi ne kuma ke goge ta. Na sha zaro rasit daga jaka bayan kwana biyu a zafin Afrilu in tarar ta koma fara fat, sai inuwar lambobi. Da kin fito kin sha kwana, ki shimfiɗa ta a kan cinyarki a cikin adaidaita, ki ɗauki hoto biyu, ki buɗe ki tabbatar ana karanta kwanan wata da lokaci. A nan take kuma ki yi wa kanki saƙon murya: sunan da ke ƙirjin ma'aikacin, minti nawa, me ya ce. Abin da kunne ya ji da rana, kafin dare rabinsa ya zube.

Inda ba zan goyi bayansu ba shi ne ƙin rahoto ba tare da an faɗi dalili a rubuce ba, ba a ba ki damar gyara ba, sannan a cinye har da kuɗin abin da suka umarce ki ki saya. Kafin ki sake karɓar aiki, ki nemi su rubuta miki abubuwan da ke sa a ƙi rahoto, ko akwai rabin lada in kuskuren ƙarami ne, da kuma ranar biya. Aiki ba tare da wannan ba cinikin biri a sama ne. Ki kuma nemi takardar shaida daga kamfanin da za ki riƙe a jaka. Bankuna ba sa son ganin ana ɗaukar hoto ko murya a cikin zaure, kuma ranar da mai gadi ya tsare ki, mutumin WhatsApp yana Legas ko wani wuri, ke ce a tsaye.

Sai yarinyar banki. Ƙanwata, damuwar da kika yi a kanta ta sa na ƙaunace ki, amma ki duba abin da kika sani da abin da kike zato. Kin san ba ki gan ta ba ranar da kika koma. Shi ke nan. Ma'aikatan banki ana sauya musu reshe, suna tafiya hutu, suna aure su bar gari, suna samun wani aikin. Da yawa daga masu zama a kanta ma ba ma'aikatan bankin ba ne kai tsaye, wani kamfani ne ya kawo su a kan kwangila, kwangilar kuma tana ƙarewa. Wato ke da ita kusan jirgi ɗaya ya ɗauko ku. Kuma ko da a ce rahotonki ya shiga cikin abin da aka duba, ƙa'idojin ƙungiyar MSPA, wadda ke haɗa kamfanonin wannan sana'a kuma take da reshen Turai da Afirka, sun ce a sanar da ma'aikata cewa ana turo kwastoman sirri, kuma kada sakamakon ziyara ya zama shi kaɗai ne dalilin korar mutum. Manajan da ya kori ma'aikaci a kan ziyara ɗaya ta minti 20, shi ya ɗauki alhakin, ba wadda ta faɗi abin da ta gani ba.

Duk da haka akwai abin da ke hannunki, kuma shi nake so ki mayar da wannan damuwar a kai. Gaskiya tana da tsawo da faɗi. "Ba ta gaishe ni ba, tana danna waya" gaskiya ce. Amma in a ranar mutum 40 ne a layi, kanta biyar mutum biyu ke aiki, sabis ya ɗauke, kuma ba ki ga abin da take yi da wayar ba, to wannan ma gaskiya ce, kuma rahoton da ya bar ta waje bai cika ba. Ki riƙa rubuta abin da ido ya gani da yanayin da ya gan shi, ki bar hukunci ga masu shi. In wani ya kyautata miki, ki rubuta sunansa da abin da ya yi dalla-dalla, domin irin wannan rahoton ne ke sa a yaba wa wanda ba a taɓa lura da shi ba. Kada kuma tausayi ya sa ki fara ƙara wa mutane maki. Akwai tsohuwar da za ta zo bayanki da katin da inji ya haɗiye, ba ta jin Turanci, ba wanda zai rubuta yadda aka yi da ita. Rahotonki na gaskiya ita yake karewa. Ita kuwa yarinyar, ki yi mata addu'a, kada ki je kina bin diddiginta a reshen, don zai tona ki, kuma ba zai amfane ta da komai ba.

Maganar maigida ta leƙen asiri ba abin yarwa ba ce, ki saurare shi da kyau. Abin da aka hana a Suratul Hujurat, aya ta 12, shi ne bibiyar al'aurar mutane da tono abin da suka ɓoye na rayuwarsu. Yadda ake karɓar jama'a a kanta abu ne da ake yi a bainar jama'a, kuma mai wurin ne da kansa ya nemi a duba masa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Duba mudu da ma'auni tsohon aiki ne a kasuwanninmu. Ko Babban Bankin Najeriya, a Nuwamban 2024, ya sanar da bankuna cewa yana tura masu saye a ɓoye don gano ta inda sababbin takardun naira ke fita zuwa hannun masu sayar da su a titi. Inda ni kaina nake ganin akwai abin tsayawa shi ne labarin da ake ba ki ki faɗa, kamar ki ce kina da shago alhali ba ki da shi. Ki riƙa zaɓar ayyukan da suka fi kusa da gaskiyarki, tambayar yadda ake buɗe asusu ko sayen abin da dama za ki saya. Wanda ya tsaya miki a rai, ku je tare da maigida wurin malamin da kuka amince da shi, ki bayyana masa aikin yadda yake, ba a taƙaice ba. Ki kuma nuna wa maigidan littafin lissafinki. Ina jin abin da ke ci masa rai shi ne ganin kin dawo a gajiye, kin zauna da waya har dare, ga yaro, kuma babu abin nunawa. Ke kuma ki faɗa masa a fili abin da kika faɗa mini, cewa samun naki na kanki yana da muhimmanci a wurinki. Ku yanka wa'adi tare, wata uku a kan sababbin sharuɗɗa, in lissafi bai gyaru ba ki ajiye da zuciya ɗaya.

Tunda zan ce ki nemi wasu kamfanoni, dole in ja kunnenki, don sunan wannan aiki 'yan damfara sun daɗe suna fakewa da shi. Kamfanin gaske ba ya karɓar kuɗin rajista ko na horo. Ba ya neman lambar sirrin katinki ko lambar da banki ya turo miki a waya. Ba ya turo miki kuɗi ya ce ki cire ladanki ki tura wa wani sauran da sunan gwada sabis. Wannan tsohon tarko ne, Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka ta sha gargaɗi a kansa, kuma a nan gida duk kuɗin da ya ratsa asusunki sunanki da BVN ɗinki ne a kansa. Asusun da kika buɗe saboda aiki kuma, ki rubuta su, ki koma ki rufe wanda ba kya buƙata.

Abu na ƙarshe, kada ki raina abin da shekara ɗaya da rabin nan ta koya miki. Kin iya lura, kin iya cike dogon fom a waya ba kuskure, kin iya rubuta rahoto cikin wa'adi, kin san lungunan Kano, kina jin Hausa da Turanci. Irin hannun da ƙungiyoyin lafiya da na raya ƙasa da kamfanonin bincike ke nema ke nan don tattara bayanai gida-gida, kuma mace tana shiga gidajen da namiji ba zai shiga ba. Ki koyi manhajojin KoboCollect da ODK, kyauta ne, su ake yawan amfani da su a wannan aiki. Ki sa ƙwarewarki a takardar neman aiki da sunan da ya dace da ita, mai tattara bayanai da tantance ingancin hidima, ba tare da kin ambaci bankunan da kika ziyarta ba, don akwai amanar sirri a kanki. A nan Kano ma akwai masu kantuna da gidajen abinci da asibitoci masu zaman kansu da ba su san yadda yaransu ke karɓar mutane in sun juya baya ba. Ki tsara fom mai tambaya 20, ki sami mutum ɗaya da ya san ku, ki yi masa tayi, rabin kuɗi kafin aiki, rabi ranar kai rahoto.

A daren yau dai abu ɗaya nake so ki yi: ki ɗauki hoton duk abin da ke cikin manhajar, ki tsara takardar bashin, gobe da safe ki tura. Bayan kwana 14 ki rubuto mini abin da suka ce, in akwai buƙatar takarda ta biyu mu tsara ta tare. Ki gaishe mini da maigida, ki shafa mini kan yaron.